Jihar da Yaya Ya Zaɓa

Tun muna cikin jirgi ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya mini fatauci tun muna saro atamfa daga Kwatano. A ƙarshen shekarun casa'in da muka fara zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, Hausawan garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗaki ɗaya muka kama a wani masauki a titin Huanshi Lu, gado biyu, ga danshin garin da ko kwana uku ka shanya riga ba ta bushewa.

A wannan zuwan na ƙarshe, idonsa ya riga ya fara tafiya. A Shiling, garin masu jakunkuna, na ga ya ɗauki jakar roba yana shafawa yana yabon fatar, mai shagon yana ta washe baki. Na fizge jakar na ce, "Haba Yaya! Wannan ai ko makaho ya shinshina ya san leda ce." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Har gobe in na tuna maganar nan sai kunya ta rufe ni.

Jarinsa ya ƙanƙance. A gidan haya yake a Kano, mai gidan ya ƙara kuɗi, 'ya'yansa uku duk mata ne suna ɗakin miji. Abin da zai saura a hannunsa in ya sayar da kayan tafiyar nan ba zai riƙe shi da matarsa a birni ba. Shi ya sa ya shiga neman jihar da tsoho zai ƙarasa kwanakinsa da araha.

A wani gidan taliya na Musulmin Sin muke cin abincin rana, nan fatake ke haɗuwa. Duk wanda ya zauna sai Yaya ya tare shi: "Ɗan'uwa, daga wace jiha? Nawa tiyar masara a wajenku? Ɗaki biyu da tsakar gida fa?" Mutumin Yobe ya ce gida kamar kyauta, amma ruwa sai ka saya. Wani ɗan Damagaram ya ce ya zo wajensu, Yaya ya yi dariya ya ce, "Da wannan nairar tawa?" Jigawa kuwa shi da kansa ya ƙi ta. Ya ce ta yi kusa, 'yan kasuwar da suka san shi yana raba zakka za su riƙa ganinsa a layin awo. Sai wani mutumin Taraba ya yi masa zancen kan dutsen Mambila: masara da dankali da ayaba sai ka ture, ga sanyi. Illa dai daga Kano kwana biyu ne, in hanya ta yi kyau.

Kullum in mun koma masauki da la'asar sai ya jero mini jihohin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kai me ka gani?" Ya zuba mini ido yana jira.

Wallahi na san abin da yake jira. Ina da gida nawa na kaina a Kano, da ɗakuna biyu ta wajen soro da na cika da kwalayen kaya. A wurinmu babba ba ya roƙon ƙanensa wurin kwana, ƙane ne ke cewa, "Yaya, ka dawo gida." Kalma huɗu ce kacal. Amma ni mutum ne mai riƙo, kowa ya shaide ni. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ya sayar da gidan gado bai shawarci kowa ba, ya zuba kuɗin a fataucin goro, goron ya ruɓe a hanya. Mahaifiyarmu a gidan haya ta cika. Shekara ashirin ina haɗiye abin, ashe bai wuce maƙogwaro ba. Saboda haka sai in ce, "To, kowace da nata, Yaya." Har ina taya shi auna Yobe da Taraba, kamar wani mai kirki.

Saura kwana biyu mu tashi muka je kasuwar bene ta Shisanhang saro riguna. Ana ruwa, ga cunkoso, masu kura suna ta ihu a ba su hanya. A hawa na biyu gwiwarsa ta ƙi, ya zauna a kan wata dila yana haki. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗakunan nan naka na soro, har yanzu kwalaye ne a ciki?"

Iyakar roƙon da dattijo irinsa zai iya ke nan. Na gane sarai, amma shaiɗan ya riga ni baki. Na ce, "Har yanzu. Ga wasu ma suna tafe a kwantena."

Ya ce, "Allah ya sa albarka." A ranar ya nemi mutumin Taraban ya ce ya samar masa ɗaki biyu.

Da muka dawo Kano, ni na biya kuɗin motar da ta kwashe kayansu zuwa Mambila, har mutane suna yaba mini zumunci. Tir! Bai cika shekara biyu a can ba, sanyin ya kama masa ƙirji. Da saƙon rasuwarsa ya iso na kama hanya, amma gawa ba ta jiran kowa. Mutanen da ban san ko sunansu ba su suka yi masa wanka suka kai shi.

Na tarar da matarsa zaune a tabarma tana takaba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce in ta fita ta shirya ta dawo Kano, zan kwashe kwalayen in gyara mata ɗakunan.

Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Alhaji Ƙarami, ashe suna kwasuwa?"

Ba ta biyo ni ba. Ni kaɗai na gangaro daga dutsen.