Da'irar Alli a Bangon Gidan Su Safiya

Har gobe ban manta da ranar Larabar da muka koma ƙauyen su Safiya ba. Ku sababbin da aka ɗauka bana, ku kife wayoyin nan ku saurare ni, don ba na son maimaita magana. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, yana nan dai gefen Tsanyawa. A daminar bara waccan abin ya faru, lokacin da gero ya fi mutum tsawo.

Ga wadda ba ta san aikin ba tukuna: gida-gida muke bi muna ɗiga wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin shan inna. Mutum uku ne a tawaga. Akwai mai ɗiga magani, ita ke rataye da kula mai ƙanƙara da ake sa maganin a ciki. Akwai mai rubutu, ita ke shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsan hagu, ta kuma yi wa bangon gida alama da alli. Wannan ni ce. Sai wakilin mai unguwa, shi zai yi mana sallama ya tsaya a waje, tunda namiji ba ya shiga gidan matan aure. A samanmu akwai sufabaiza, namu sunansa Malam Sani.

Mai ɗiga maganinmu Anti Rifkatu ce. Ta isa ta haife ni. Bahaushiya ce Kirista daga wani ƙauye a bayan rafi, tun ina firamare take wannan aikin. Sanyinta yana ba ni haushi. Ni so nake mu shiga, mu ɗiga, mu fita. Ita sai ta gaida kowa har tsohuwar da ba ta ji, ta tambayi ya ciwon ƙafa, ya akuyar nan da ta haihu.

Ranar Asabar, ranar farko ta zagayen, muka shiga gidan wani manomi, Malam Haruna. Matarsa Binta tana da yara biyu, jariri a goye da 'yar farinta Safiya, mai shekara huɗu. Jaririn muka samu, Safiya ba ta nan. To ƙa'idar aikinmu ita ce, idan ba a sami yaro ba, dole a tambayi inda ya tafi, da lokacin da yake dawowa, da ko za a iya cim masa a can. Anti Rifkatu ta tambaya. Binta ta ce yarinyar ta bi kakarta gona, kullum ma can take wuni, sai la'asar. Anti ta ciro alawar da muke ba yara ta ce a ajiye mata. Ni kuma na fito na rubuta a bango: kwanan wata, lambar tawagarmu, ɗaya cikin biyu, sannan na zana da'ira. Da'ira tana nufin akwai yaron da ba a samu ba, za a dawo masa. Shi ke nan abin da ya faru. Ba mu fi haka ba.

Ranar Litinin da hantsi Safiya ta fita za ta gidan kakarta. Tsakanin gidajen gona ɗaya ce tal, da 'yar siririyar hanya ta cikin gero. Ba ta isa ba.

An duba rijiyoyi. An shiga gero layi-layi ana kiran sunanta. An je rafi, an je tasha, an kai rahoto wurin 'yan sanda. Mu ma da muka ji muka ajiye kula muka bi mata muna leƙa gonaki har ƙafafuna suka yi kanta. Babu ko takalminta.

Akwai wani guruf na waya na 'yan asalin yankin, ni ma ina ciki. Yawancinsu ba a gida suke ba, suna Kano, Abuja, Legas, wasu ma ban san inda suke ba. Da farko abin kirki aka yi: aka sa hoton yarinyar, ana ta addu'a, ana turawa wasu gurufan. Kafin yamma kowa ya zama mai bincike. Wani ya ce ɗan acaɓa ne, ya ga wani baƙo a kasuwa. Wata ta ce a binciki masu sayen gwangwani. Wani ya zana taswirar ƙauyen daga kansa, ya sa rafin a gabas, alhali yana yamma. Na karanta na yi tsaki.

Ranar Talata wani ya ɗauki hoton ƙofar gidan Malam Haruna ya tura. Sai wani mai kiran kansa Injiniya, wanda aka ce rabonsa da gida tun rasuwar mahaifinsa, ya kewaye rubutuna da jan layi ya dawo da hoton. Ya rubuta: “Jama'a ku duba da kyau. Me ya sa gidan nan ne kaɗai ke da da'ira a layin? Ɗaya cikin biyu. Wace ɗayar?”

Hannuna ne ya zana wannan da'irar.

Bayansa sai ga saƙon muryar wata mata, tana magana ƙasa-ƙasa kamar wadda ake leƙe. Wai ta ji daga majiya mai ƙarfi cewa wata mata ta shiga gidan kwana biyu kafin ɓatan, tana tambayar inda yarinyar ke zuwa da lokacin da take dawowa, har ta bar mata alawa. Abin da ya fi tayar min da hankali, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Duk an yi. Wani ya ce wace mata? Wani ya sa sunan Anti Rifkatu. Wani ya ƙara da sunan ƙauyensu. Sai wani ya rubuta addininta, ya sa alamar tambaya, bai ƙara komai ba. Daga nan babu wanda ya sake maganar ɗan acaɓa.

Na rubuta musu cewa ni na yi alamar, ga ma'anarta, duk gidan da ba a sami yaro ba haka ake yi masa, su je bayan masallaci su ga wasu gidajen. Kafin in ɗaga kai saƙonni sun binne nawa. Mutum ɗaya ne ya amsa: “Ke yarinya ce, ba ki san da wa kike aiki ba.”

Da yamma Malam Sani ya tara mu a asibitin mazaɓa, inda muke mayar da kula. Ya ce 'yan sanda sun riga sun ji bayaninmu, sun ce ba su da wata magana da mu. Ya dube ni.

“Ke Maryam, kar in ƙara ganin rubutunki a guruf ɗin nan.”

“Malam, ƙarya fa ake mata.”

“Na sani. Ke kaɗai za ki amsa wa mutanen da ba su da aikin yi?” Ya juya. “Rifkatu, gobe ranar komawa ce. Ki zauna a gida, zan nemo wata.”

Ranar komawa ita ce ranar ƙarshe, da ake bin gidajen da ke da da'ira. Ni ma na ce mata, “Anti, don Allah ki zauna. Mutanen nan ba su da hankali.”

Ta gama goge kularta tsaf kafin ta amsa. “Malam, in ban je gobe ba, za a ce na gudu. In aka ce na gudu, ba ni kaɗai za a nema ba, ƙauyenmu za a je. Ina da jikoki a can.”

Malam Sani ya ce to shi ma zai biyo mu a babur in ya gama da ɗaya tawagar.

Laraba da safe muka sauka a bakin titi muka kama hanyar cikin gero. Ban taɓa tsoron gero ba sai ranar. Ba ka ganin komai hagu da dama, ganye na gogar fuska, in iska ta kaɗa sai ka ji kamar mutum ne ke tahowa. Wakilinmu, Baba Iro, tsoho ne mai surutu, amma ranar carbi kawai yake ja.

Gidan farko aka ce yaron ba ya nan, ina jin kukansa a ɗaki. Gida na biyu ko sallama ba a amsa ba. Matar da ranar Asabar ta cika min jaka da ɗanyar gyaɗa ta gan mu ta ja ƙyaure.

A gindin wata bishiyar darbejiya samari ne zaune, kowa da waya a hannu. Muna wucewa suka tashi. Ba gudu suka yi ba, biyo mu kawai suke yi a hankali, wanda ya fi gudun muni. Babbansu wani ne Nura, mai gyaran babur, mun yi sakandare tare.

“Baba Iro, a tsaya,” in ji shi. “Ke, buɗe abin nan mu ga me ke ciki.”

“Nura, ba ka da kunya?” na ce. “Yaro zai shiga cikin kular nan? Ko lissafin ma da ka faɗi a makaranta bai kai nan ba?”

“Ba da ke nake ba, Maryam.”

Anti Rifkatu ta taɓa hannuna. Ta dubi Nura. “Ɗana, zan buɗe maka. Mu matsa inuwa dai, rana tana kashe maganin.”

Ta buɗe. Ƙanƙara da 'yan kwalabe. Suka leƙa, wani ma har da ɗaukar hoto. Ban ga hakan ya rage musu zargi ba. Wani daga baya ya ce, “Ai ba a nan za ta sa ta ba.” Wani ya ce a tambaye ta nawa aka ba ta. Na waiga hanyar titi, babu Malam Sani, babu ƙarar babur. Mutane na ƙaruwa, har da yara a kan katanga.

A haka muka isa ƙofar gidan Malam Haruna, su suna bayanmu. Shi maigidan ba ya nan, ya tafi bin tashoshi da hoton 'yarsa. Da'irata na nan a bango. Nura ya tsoma tsumman aikinsa a ruwan kwata ya nufi bangon.

“Za mu fara goge wannan tsiyar, sannan ta yi mana bayani.”

“Kar ka taɓa min bango.”

Binta ce. Ta fito har ƙofar gida, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, jariri a baya, mayafin ma a karkace. Ta rame cikin kwana biyu kamar wadda ta yi jinyar wata. Ba ta kalli samarin ba, ni ta kalla.

“Ke kika rubuta?”

“Ni ce.”

“Me yake nufi? Faɗa da ƙarfi.”

Na ce, “Yana nufin akwai yarinya a gidan nan da ba a same ta ba. Za a dawo mata.”

“To a bar shi. Ba a ɗiga mata ba tukuna.”

Sai ta juya kan Nura. “Tambayar da kuke ta yawo da ita a waya, duk zagaye sai matar nan ta yi min ita, tun yarinyar tana goye. Ita ta fara ganin ƙurjin kunnenta ta ce mu je asibiti. A cikinku wa ya san da wane hannu take cin abinci? In kuna da ƙarfi, ga gero can, babanta shi kaɗai yake yawo.” Ta kama hannun Anti Rifkatu. “Shigo, Yaya, ki sha ruwa.”

Muka shiga. A tsakar gida Anti ta zauna a kan turmi. Binta ta shiga ɗaki ta fito da alawar nan a tafin hannu, ta nuna mata, ta mayar. Ni da ba na kuka a gaban mutane na juya ina kallon akurkin kaji.

Da muka fito samarin sun ragu. Nura na tsaye da tsummansa yana ɗiga. Maƙwabciyar da ta ja mana ƙyaure ta turo ɗanta ta bakin zaure, ita ba ta fito ba. Anti ta ɗiga masa, na shafa masa tawada. Malam Sani ya iso bayan an gama komai, yana ba da haƙuri wai tayarsa ce ta yi faci.

Kar ku ɗauka guruf ya ba da haƙuri. Wani ya ɗauki bidiyon maganar Binta ya tura, sai Injiniya ya ce a lura, uwar ba ta yi kuka ba, kuma ko sau ɗaya ba ta kama sunan 'yarta ba. 'Yar fari ce fa! Wace uwa ce a ƙauyukanmu ke kama sunan 'yar farinta a gaban maza? Uwarsa ma ba ta kama nasa in shi ne babba. Suka kwana biyu a kan Binta, daga nan aka shiga rigimar taki, aka manta. Na fita daga guruf ɗin. Anti Rifkatu tana nan tana aiki, ga ta can a layin baya tana harara ta don na faɗi sunanta. Har yau akwai gidaje biyu-uku a ƙauyen da ba sa buɗe mata ƙofa.

Safiya kuwa ba a gan ta ba. Babu gawa, babu labari. 'Yan sanda sun ce ba a rufe maganar ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Aikinmu na tambayar ina yaro yake ne, kuma ba za mu daina tambaya don wani na zaune a Abuja da waya ba. Amma kar ki zana komai a bangon mutane ki wuce fuu kamar yadda nake yi da. Ki kira matar gidan, ki nuna mata, ki faɗa mata ma'anarsa da bakinki. Gaisuwar nan ta Anti da nake cewa ɓata lokaci ce, ita ta fito da Binta ƙofar gida ranar nan, ba katin aikinmu ba.

A ƙa'ida yanzu Safiya ta wuce shekara biyar, ta fita daga lissafinmu. Amma duk zagaye sai na sake zana da'irar a bangonsu. A zagayen da ya wuce Malam Sani ya tsaya a ƙofar gidan ya ce, “Maryam, wannan da'irar ta mece ce? Yaro ɗaya ne a gidan nan, kuma an ɗiga masa.”

Na ce, “Malam, shiga ka gaya wa uwarta.”

Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya miƙo min allinsa, ya ce nawa ba ya fita sosai.