Inna Mai Benci da Masu Kishin Mai Farar Mota

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofinsu, Inna ta riga ta share gaban rumfarta, ta yayyafa ruwa, ta jawo dogon bencin nan nata da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Sai ta ja igiya daga wannan ƙusa zuwa waccan, ta rataye littattafan haya kamar mai shanya. Wanda bangonsa ya yage ta shafa masa gam, ta danne shi da dutse, ta ce ya huta sai gobe. Daga nan ta zauna, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta jira mutanenta. Haka na same ta tun ina saurayi, haka kuma take har makon nan da ɗanta ya zo zai tafi da ita, saboda idanun sun gaji, likita ya ce a raba su da ƙananan rubutu.

Ni marubuci ne, kuma gara in faɗa tun da wuri, da kishi nake wannan jinjina. Littafina guda, wanda na sha wuya kafin ya fito, yana rataye a gaba-gaba inda ido zai fara sauka, har rana ta cinye launin bangonsa. A gefensa akwai wani littafin zane mai fitowa kashi-kashi. Labarin wani attajiri ne da kowa ke kira Mai Farar Mota, wanda motarsa ta mutu a bakin tasha, ya shiga layin tikiti karon farko a rayuwarsa, ya ɗaga kai ya ga yarinyar da ke sayar da tikitin, shi ke nan hankalinsa ya tashi. Wannan littafi ba ya yini a igiya. Ranar da sabon kashi ya iso, bencin Inna sai ya koma kotu.

Akwai wata mai ba da kati a asibitin bayan layinmu. Ita haushin 'yar tikitin take ji kamar ta san ta ido da ido.

"Inna, don Allah dubi hancinta," in ji ta. "Me ta fi ni? Ni ma kullum ina bayan taga ina miƙa kati, amma ba mai zuwa sai masu tari."

"Ita ma ta daɗe tana sallamar masu tari, 'yar nan," in ji Inna. "Mai zanen ne bai ɓata tawadarsa a kansu ba. Zauna ki sha ruwa."

Telan da ke kallon rumfar kuwa cewa yake duk ƙarya ce, wai yaushe attajiri ya taɓa bin layi. Amma shi ke fara tsallako titi, da tef a wuya, wai zai ga iya inda ƙaryar za ta tsaya. Inna ba ta taɓa tona shi ba. Miƙa masa take yi, ta ce, "Duba mana ita da kyau, Malam Tela."

Ni ina gefe, ina kallon littafina yana kaɗawa a iska. Inna ta sha cusa shi a hannun mutane, tana cewa ɗan unguwa ne ya rubuta, a taimaka a karanta. Su karɓa don kunyarta, washegari su dawo da shi fes, ko alamar yatsa babu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar bakaniken bakin kwalbati da matarsa mai kitso. Ita da kanta ta ba ni izinin faɗa. Ta kamu da labarin nan sosai, har in tana kitso littafin na kan cinyarta. Tsakaninta da mijin kuma dama an daɗe ana 'yar tsama. Ya dawo a gajiye, ya ci abinci, ya juya baya. Wata rana ya ji ta sauke ajiyar zuciya tana cewa, "Kai, akwai maza a duniya." Maganar ta soke shi. Ya fizge littafin ya raba shi biyu, ita kuma ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bakin ƙofa, ta ce in ya dawo daga gareji ba zai same ta ba.

Bai tafi gareji ba. Rumfar Inna ya nufo, da yagaggen littafin a hannu, idanu jawur. Ina wurin, tela ma yana wurin.

"Inna, kin kashe min aure," in ji shi. "Kin sa matata tana auna ni da mutumin takarda. Ina zan samo farar mota? Ni da nake kwana ƙarƙashin motocin mutane!"

Inna ba ta tanka zancen yagar ba. Ta matsa masa a benci, ta karɓi ɓarin biyun ta haɗa su a cinyarta.

"Ɗana, littafin nan ya bi hannu da yawa kafin ya zo gidanka. Nemo min shafin da ya fi datti."

Ya yi tsaki, amma ya duba. Shafin gidan bene yana nan fari tas. Na motar ma haka. Can ciki ya tarar da wani da ya yi laushi kamar tsumma, gefensa ya yi baƙi don taɓawa. A shafin, igiyar takalmin 'yar tikitin ce ta tsinke a tsakiyar tasha, attajirin ya durƙusa cikin ƙura da tsadaddun kayansa yana ɗaure mata, mutane suna kallo.

"Nan suke tsayawa," in ji Inna. "Duk matar da ta dawo min da shi, nan take buɗe min."

Bakanike ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce, "Takalmi? A kan takalmi ake wannan abin? Ni da nake sauke inji in mayar?"

Ya miƙe bai yi sallama ba. Sauran labarin daga bakin matar na ji. Ta ce tana zaune tana jiran ƙaninta ya zo ya ɗauki jakar, sai ga mijin ya shigo da gwangwanin gam ɗin faci. Ya zazzage jakar, ya tsince takalmanta kaf, ya zauna a ƙasa ya hau gyara, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Na fita unguwarta, wanda ta fi ji da shi, ya shafe shi da baƙin gam har ya manne da tabarma. Ta ce ta buɗe baki za ta yi masifa, sai ta ga yadda gumi ke ɗiga daga haɓarsa, yana ta kokawar ɓamɓare takalmi daga tabarma, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da ƙanin ya iso, ruwa kawai ya sha ya koma. Ba zan ce sun daina faɗa ba, don layinmu kowa na jin kowa. Amma jakar ta koma saman kwaba, kuma yanzu shi ke zuwa karɓar sabon kashi, wai don ya riga ta sanin abin da attajirin zai ƙirƙiro.

Inna, ke ce mai benci, wadda ba a tashi daga gabanta da nauyin da aka zo da shi. Ba ke kika rubuta labarin ba, ba ke kika zana shi ba, sunanki ba ya jikin kowane bango. Amma wanda ya rubuta bai san mai kati ba, bai san tela ba, bai ga idon bakanike a safiyar nan ba. Ke kika gani. Kin san wadda ke karatu don nishaɗi, kin san wadda ke karatu don gidanta ya yi mata ƙunci, kuma ba ki taɓa kai sirrin wani gaban wani ba. A nan kishina ya fi zafi. Na ƙare ƙuruciyata ina neman kalmar da za ta taɓa zuciyar mutum, ke kuwa kina zaune ana kawo miki zukatan har inda kike.

Da na je yi mata sallama, na tarar tana sauke igiya. Mai kitso ce za ta karɓi littattafan, ta ware musu kusurwa a shagonta. Labarin Mai Farar Mota bai ƙare ba, an tsaya daidai inda mahaifiyarsa ta gano wace ce yarinyar.

"Malam marubuci," in ji Inna, "in na ƙarshen ya fito, ko ya zo hannuna ba zan iya ganin rubutun ba. Ɗan nawa kuma ba shi da haƙurin karatu. Kai ka iya fitar da magana. Za ka zo ka karanta min?"

Na haɗiye kishina, na ce zan zo.

Mun gode, Inna. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da alheri, ya sa ki huta cikin jikoki. Ku kuma da ke da shago ko rumfa ko tebur a bakin hanya, ku ajiye wurin zama, ku saurari wanda ya tsaya, ko da a kan mutumin takarda yake kuka. Ni dai na riga na faɗa wa mai kitso, ranar da kashin ƙarshe ya iso kada ta ba kowa, ko mijinta. Nawa ne, tafiya zan yi da shi wurin Inna.