Saura Mata Tara

Yayata ta yi shekara ashirin da biyu a gidan jarida kafin a sallame ta, wai alƙalaminta ya cika tsini. Ta rubuta littafi, yana nan cikin akwati, ɓera kaɗai ya leƙa shi. Ta ɗaga kwalin zanga-zanga a ƙofar ma'aikatu har takalminta ya cinye. Daga ƙarshe wani ƙaramin gidan rediyo ya ba ta minti goma sha biyar duk Talata.

Mata masu shara da wanki a kamfanoni kan zo falonta su faɗi wulaƙancin da ake yi musu, tana naɗa a rakoda. Amma ba ta taɓa sa muryar kowa a rediyo ba. Sai ta kwafe maganar a takarda ta karanta da bakinta, don kada shugaban aiki ya gane mai ƙorafi ya kore ta.

Bara muryarta ta fara dushewa. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, za a yi aiki ranar Laraba, kuma ba lalle magana ta dawo ba. Na yi lallashi, na yi masifa, duk a banza.

"Yaya, don Allah ki huta haka nan."

"Saura mata tara, Auta," ta ce da ƙyar. "Kowacce na yi mata alkawari."

Ranar Talata, ana gobe aikin, na raka ta gidan rediyon, raina a ɓace. Ta karanta huɗu, tana kurɓar ruwan ɗumi. A ta biyar murya ta ɗauke ɗif. Baki na motsi, iska kawai ke fita.

Injiniya ya leƙo ya raɗa mata, "Anti, in saka muryoyinsu kawai? Lokaci na tafiya."

Ta danne rakodar da tafin hannu, ta girgiza kai. Sai ta turo mini takardun, ta nuna mini makirufo, idonta ya ciko.

Na duba. Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba, ƙugiyoyi ne da ɗigo-ɗigo. Ashe rubutun sirri ne da ta ƙirƙira tun tana jarida, don ko an ƙwace littafinta kada a karanta, kuma ba ta taɓa koya wa kowa ba.

Jar fitilar da ke nuna ana jin mu kai tsaye na kunne, saura minti shida. Na riƙe takardun mata biyar, Yaya na bin layin da yatsa tana jiran in fara.