Yatsan Izet a Kan Gwangwani

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, huɗu ga Maris, Senada ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce babanta ya cika. Izet, maƙwabcina, mai gyaran rediyon unguwarmu a Tuzla, ka tafi ka bar ni.

Bayan rasuwar matata Zumra, abin da ya rage mini na muryarta faifan garmaho ɗaya ne, wanda mawaƙan ma'aikatar gishiri suka buga da ita a cikinsu tana budurwa. Na jona garmahon kai tsaye da babbar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, na ƙure murya, amma raɗa-raɗa kawai nake ji. Ka shigo ka girgiza kai.

"Hazim, kai dai ba ka da dama. Muryar allurar garmaho ƙarama ce, wannan ƙaton ba ya jin ta. Sai an sa wani a tsakani ya ɗaga ta tukuna, sannan shi ya yi ihunsa."

A cikin gwangwanin biskit ka haɗa mini ɗan injin da ke wannan aiki. Ranar na ji Zumra sarai, har jan numfashinta. Na yi kuka, kai kuwa ka yi kamar kana neman sukudireba a ƙarƙashin tebur.

Aibin gwangwanin ɗaya ne: gurnani yake yi, sai an ɗora masa yatsa yake shiru. Don haka kowace Lahadi kakan zo ka zauna da yatsa a kai, ni ina saurare, kofinka yana hucewa. In na ce ka gyara, sai ka ce, "Kayan gyaran ba su iso ba, tsoho. Ƙaro kofi." Shekara da shekaru kayan nan suna hanya.

Bayan jana'iza Senada, wadda ta gaji sana'arka, ta leƙa bayan gwangwanin.

"Baffa, ai waya ɗaya ce ba a ɗaure ba. Baba ya sani sarai. In ɗaure?"

Na ce ta bar ta yadda ka bar ta.

Jiya Lahadi na sa faifan, na ɗora nawa yatsan. Gurnanin ya tsaya, Zumra ta yi waƙarta, kujerarka babu kowa. Kewa ta ishe ni, Izet. A da mutum ɗaya nake kewa a ɗakin nan, yanzu kun zama biyu.

Allah Ya ji ƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ɗaga darajarka yadda ka ɗaga mini ƙaramar murya har na ji ta. Fikreta, mai ɗakinsa, da ke Senada, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma Ya sam mini. Amin.