Ranar da Dutse Ta Zama Babban Birni

Duk sanda na ji ƙamshin masara a kan garwashi, damunar 1991 nake tunawa, muna zaune a tsakar gidanmu a Dutse, rediyon kakanmu, wanda muke kira Kaka, na rataye jikin rumbu.

Ranar ashirin da bakwai ce ga Agusta. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ba ta ƙaunar wannan rana. Shekara shida kafin nan, a rana irin ta, soja suka yi juyin mulki ana cikin hidimar Babbar Sallah. Baffana soja ne a Legas a lokacin. An daɗe ba labarinsa, har nama ya ƙare Inna ba ta sa ko tsoka a bakinta ba. Ya dawo lafiya daga baya, amma tsoron bai bar ta ba.

Don haka da aka ce shugaban ƙasa zai yi jawabi, sai ta ajiye maficinta.

"Malam, kashe abin nan," in ji ta.

"Bari mu ji tukuna," Kaka ya ce.

Ba juyin mulki ba ne. An cire mu daga Kano, an ba mu jiha, Dutse ce hedikwata. Gari ya rikice da kiɗa da hon ɗin babura. Inna ta yi guɗa, don ta san za a maido mahaifina daga Kano, inda yake aikin gwamnati. Kaka kuwa ya ci gaba da juya masararsa, can ya ce, "Gwamnati ba ta zama a iska. Fili za ta nema."

Dukansu biyu sun yi gaskiya. Babana ya dawo da abokan aikinsa, suka shimfiɗa katifu a zaurenmu saboda babu gidajen haya. Tun ba a yi girbi ba aka kafa turakun awo a gonar Kaka, kafin damuna ta zagayo titi ya ratsa ta tsakanin itatuwan dabinonsa. Bai yi gardama ba. Ya dai roƙa a bar shi ya girbe geronsa, aka bar shi.

Yau ’ya’yana a makaranta suke haddace wannan rana, su rubuta ta a jarrabawa. Ni kuwa kullum ta kan titin nan nake wucewa a adaidaita in tafi ofis. Na taɓa tsayar da direba don in nuna wa yaran iyakar gonar Kaka, na duba gabas na duba yamma, ban gane wurin ba.