Kwalin Baba da Motar Damagaram

Baba ya ɗora kwalinsa a kan takarda ta uku da na fitar, ya ja shi ƙasa kaɗan, ya ƙara ja, sai ya tsaya.

"Ɗan nan, nan ma ya yanke. Kan wannan layin nake gani, da ƙafafun na samansa."

Ni kuwa jakata tana ƙarƙashin tebur tun safe. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci, kuma abokina ya samo mini gurbin yaron mota a wata babbar mota mai zuwa Damagaram. Ya ce da an idar da La'asar za su tashi, kuma akwai wani yaro ɗan garin Sule Tankarkar da ke zaune a gindin taya yana addu'ar in makara.

Lokacin ina aiki ne a shagon buga takardu na Madam a Gumel. 'Yar Filato ce, mijinta ma'aikaci a sakatariya. Kwamfuta ɗaya gare ta, da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Kafin nan na bar makaranta daga aji biyu na sakandare, na taɓa facin taya, na sayar da fetur a kwalba, na zauna wurin tela, ba inda na yi shekara. Shagon Madam ma ya ishe ni. Kullum zafi, kullum jiran wuta.

Baba tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye bayan Gagarawa Tasha. Rijiyar burtsatsensu ta mutu, kantoma zai zo rangadi, gari ya zaɓe shi ya karanta jawabi. Yanar ido ta fara rufe masa gani, shi ya sa ya yanka 'yar taga a jikin kwalin sukari, daidai layi ɗaya. Sai ya ɗora a kan rubutu yana ja ƙasa, layi bayan layi. In ba da kwalin ba, rubutun cakuɗe masa yake yi.

Matsalar daga harufanmu masu ƙugiya ta taso. Kwamfutar ba ta zo da su ba. Yadda muka saba, sai a buga ba ƙugiya, in takarda ta fito a bi da baƙin biro a lanƙwasa musu kai. Na gaya wa Baba haka tun farko.

"A'a," in ji shi. "In na gama karantawa hannun kantoma zan miƙa ta. Ba zan ba hukuma takarda mai faci ba."

To Madam tana da wani faifai da aka kawo mata daga Kano mai harufan a ciki, ana ɗauko su ɗaya-ɗaya ana sakawa. Sai dai sun fi sauran harufan tsayi. Duk layin da ɗayansu ya faɗa sai ya ture na samansa ya buɗe fili, layin da babu su kuma ya matse. Takarda ta fito kamar kunyar da aka yi da shanun da ba su saba da juna ba, nan faɗi, nan tsukuku. Mai lafiyar ido ba zai damu ba. Tagar Baba kuwa ba ta buɗewa, ba ta tsukewa.

Na ce, "Baba, mu canza kalmomin mana. Inda aka ce ƙauye mu sa gari, shi ke nan."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dattawa suka zauna a ƙofar mai gari suka yarda da kowace kalma. Wanda ya sa 'ƙishirwa' yana nan da ransa, kuma zai kasa kunne ya ji ta."

Na rage girman masu ƙugiyar, suka koma kamar kiyashi a cikin tururuwa, layukan kuma ba su daidaita ba. Na buɗe tazara ko'ina, jawabi ya tsallaka shafi na biyu. Baba ya ce hannu ɗaya takarda a kan allo, hannu ɗaya kwali, da wanne zai juya shafi? Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na fita na yi ta jan igiyar janareta har kafaɗata ta yi tsami. Da na dawo rabin abin da na gyara ya tafi.

"Baba, ka gan shi nan," in ji Madam tana fifita da wani fayil. "Ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Yau Nijar za shi, wai zai zama babban direba."

"Yaron mota," na ce.

"Au, ashe ma ɗaura igiya za ka yi." Ta yi dariya, sannan ta duba inuwar da ta fara karkata a ƙofa. "Tashi ka tafi, ɗan gari. Zan fitar masa ba ƙugiya, ya nuna mini inda zan sa biro."

Baba ya ɗauki kwalinsa ya shafe shi da babban yatsa, ya sa a aljihun gaba.

Ba zan ce tausayi ne ya zaunar da ni ba. Abin ne ya tsaya mini a wuya. Na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya. Na shiga buɗe akwatunan da Madam ta hana ni taɓawa, ita kuma tana tsaye a kaina tana cewa in na lalata mata na'ura mijinta zai sa a kama ni a kan iyaka. Can sai ta dafa kujerata.

"Tsaya, tsaya! Koma baya. Wannan an nuna mana a kwas. Nan ake ɗaure tazara, ka ba ta lamba, kowane layi ya tsaya a kanta dole."

Na zaɓa, na bar lambar da na tarar, muka fitar. Layuka sun daidaita tsaf, amma duk ƙugiyoyin an aske musu kai kamar sun fito daga wurin wanzami. Madam ta zauna a kan benci tana dariya har da hawaye. Ni ko murmushi ban iya ba. Na ƙara lambar, na fitar, saura kaɗan. Na ƙara. Layin ƙarshe ya zame shafi na biyu, na ci gefen takarda hagu da dama har ya dawo. Tagar kwalin ta yi wa sabon layin kaɗan, na karɓi reza na faɗaɗa ta.

Na jawo jakata da ƙafa. A lokacin, in na samu ɗan acaba mai zuciya, zan iya riskar motar.

"Madalla," in ji Baba. "To zauna nan a kujerar Madam. Kai ne kantoma. Sai na ji ta a bakina tukuna."

Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya fara da sallama da salati. Sannan gaisuwa. Ya gai da kantoma, ya gai da hakimi, da dagaci, da limamai, da shugabannin sassa, kowa da kirarinsa na girmamawa, yana jan kwali a hankali, bai tsallake layi ko ɗaya ba. A garinmu babba ba ya tsaye yana maka magana ka tashi ka bar shi. Ko ƙafa ban iya motsawa ba. Yana kan bayanin yadda mata ke tafiya neman ruwa aka kira La'asar. Madam ta dube ni, na sunkuyar da kai. Baba bai ji ba, ko ya ji bai san me kiran yake nufi a wurina ba. Ya kai ƙarshe, ya tako, ya miƙo mini takardar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," ya ce.

Na karɓa da hannu biyu, na mayar masa.

Bayan salla na raka shi tasha ya shiga motar Gagarawa, ya yi ta sa mini albarka ta taga. Jakata na rataye a kafaɗa. Na tambayi wani direban tasi da ya sauke fasinja daga Maigatari, ya ce motar Damagaram ta wuce shingen kan iyaka tun yana lodi, ya ga wani siririn yaro a saman kaya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na daɗe ban tashi ba. Ko an gyara rijiyar, ban taɓa ji ba.

Akwai ɗaya daga cikin takardun da suka lalace a aljihuna. Na ari biro, na rubuta a bayanta, na ba direban ya ajiye wurin mai shayin da abokina ke sauka:

"Abokina, ka yi haƙuri, ban samu fitowa ba. Wani aiki ne ya riƙe ni, in ka dawo na ba ka labari, ka yi mini dariya. Kada ka yi rigima da kowa saboda ni, a bar wa yaron wurin. Ka ba direba haƙuri. In wani gurbi ya sake faɗowa ka aiko, amma kada ka yi wa kowa alkawari da sunana. Gobe ina shago. Na gaji."