Rumbun da Ya Yi Saiwa a Tsafe

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, kuma na rantse na manta fiye da rabinsa, ba zan taɓa manta yinin da wata tsohuwar Bafulatana ta zauna a kan littafin abokiyar aikina a bayan garin Bungudu ba, ta ce ba za ta tashi ba sai an dawo mata da saniyarta.

A lokacin, shekara biyu ke nan da aka ba mu jihar Zamfara. Ina da shekara goma sha bakwai, ina ajin farko a jami'a, kuma a ɗakin kwananmu ba wadda ba ta san ni da shirya zance ba. In na ga kyankyaso ɗaya a banɗaki, kafin in iso ɗaki ya zama runduna mai sarki da dogarai. Ana nan sai aka manna takarda a allon sanarwa: shirin nazarin ƙasa zai kawo ɗalibai daga jami'o'i daban-daban su yi kwana goma a Gusau da kewaye, a haɗa baƙo da ɗan gida, su rubuta rahoto kan rayuwar mutanen wurin. Waɗanda rahotonsu ya yi fice za a kai su babban taron ɗalibai a Abuja. Ni ba Abuja ce ta ja ni ba. Gusau garinmu ne, za a ciyar da mu, kuma tun ina ƙarama nake son in ga yadda baƙo ke buɗe baki in ya ga abin da mu muka gaji da gani.

Aka haɗa ni da wata 'yar ajin ƙarshe daga Binuwai, 'yar ƙabilar Tibi. Ta girme ni da shekara biyar, don haka Anti nake ce mata. Hausarta ta gaisuwa da tayi ce kawai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tana da wani littafi mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi, ina jin ko wanka za ta shiga sai ta yi masa sallama. A cikinsa take rubuta duk abin da ya fito daga bakin tafinta, tafintar kuwa ni ce.

A ranar farko malamin da ke kula da mu ya tara mu a makarantar da aka sauke mu, ya yi dogon bayani. Daga baya na ji cewa ya ce shi da kansa zai zaɓi abu uku daga kowane rahoto ya koma wurin mutanen ya tambaya, kuma duk wanda aka samu ya ƙaga labari za a cire shi daga shirin a aika wa jami'arsa takarda. Ban ji ko kalma ɗaya ba, saboda ina can baya ina kwaikwayon yadda yake gyara hularsa.

Mun fara da kasuwar hatsi a Gusau. Anti ta ga mai awo yana cika mudu har ya yi tsini a sama, sai ta ce in tambaye shi dalili. Mutumin ya ɗaga kai ya ce haka ya tarar ana yi. Na juya na ga Anti ta ɗora biro a kan takarda tana jirana, idonta kamar na mai jiran a buɗe kwanon suna. Na ji kunyar in miƙa mata amsa ƙwaya ɗaya tak. Sai na ce mata ai tsinin nan rabon surukar mai saye ne, kuma duk magidancin da ya kai mudu a shafe gida, surukarsa za ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa. Ta rubuta. Har ta ja layi a ƙasa.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ban taɓa samun mai saurare irin wannan ba. A ɗakin kwana in na yi zance dariya ake yi a jefe ni da filo, amma wannan rubutawa take yi. Sai na fara son in ga iyakar abin da za ta iya haɗiyewa.

A Tsafe na wuce gona da iri. Mun shiga gidan wani dattijo manomi lokacin kaka, ana ta shigo da dammunan gero. Anti ta tsuguna tana leƙen ƙarƙashin rumbu, ta ga an ɗora shi a kan duwatsu bai taɓa ƙasa ba. Dattijon ya ce saboda gara ne da laima. Ni kuwa na fassara mata cewa ƙasar Tsafe tana da albarkar da in rumbu ya taɓa ta sai ya yi saiwa ya tsiro, kuma akwai wani gida da suka yi sakaci, da damina ta faɗi rumbunsu ya yi tsawon da sai da tsani biyu ake ɗiban gero. Dattijon ya ga ya faɗi kalma uku, ni kuma na yi minti biyar ina magana ina nuna sama da hannu. Ya girgiza kai ya ce lallai Turanci akwai tsawo.

Anti ta tambaye ni ko mutanen gaskata abin suke yi, ko kuwa labari ne na kakanni. Na ce gaskatawa suke yi sosai. Ta rubuta shafi biyu. A motar komawa Gusau ta faɗa mini cewa wannan rahoton shi za ta faɗaɗa ya zama aikinta na kammala digiri, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Na ce Allah ya taimaka, na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Kwana na takwas muka nufi Bungudu. Daga tasha 'yan kabu-kabu suka kai mu a babur wata ruga da ke bayan gari. Muka tarar da wata tsohuwa a gindin bishiya tana wanke ƙore, siririya kamar sandar kiwo. Muka gaisa, ta sa aka kawo mana nono. Ta ƙare wa Anti kallo, ta tambaye ni wagga baƙuwar daga ina take. Na ce daga Binuwai. Ta ce wace ƙabila. Na ce Tibi.

Ban san tsohuwa na da irin wannan zafin nama ba. Kafin in ƙifta ido ta fizge baƙin littafin daga cinyar Anti, ta tura shi ƙarƙashinta ta zauna daram.

"Tau, yau Allah ya kawo mini ɓarauniyata har gida," in ji ta. "Ki gaya mata ta kawo mini saniyata, in ba haka ba ta koma garinsu hannu rabbana."

Wace saniya? Yaushe Anti ta zo Bungudu har ta saci saniya? Na fara waige-waige ina neman hanyar da 'yan kabu-kabun suka bi, ina lissafin ko zan iya kai wa titi da gudu da silifas. Karo na farko ke nan a kwana takwas da aka yi magana na rasa yadda zan fassara ta, balle in ƙara mata gishiri.

Sai na ji Anti ta tuntsire da dariya. Ashe ta tsinci kalmar saniya. Ta gyara zama, ta shafa cikinta, ta ce da guntuwar Hausarta: "Inna, mun cinye. Ya yi daɗi. Akwai wani?"

Tsohuwa ta yi shewa ta kai mata duka da ludayi, sauran matan rugar suka taru suna dariya. Ni kaɗai ce a tsaye kamar an dasa ni. Sai a lokacin na ji labarin, kuma daga bakin baƙuwar da na zo yi wa jagora na ji shi. Wai tun zamanin da, Bafulatani ya ba Tibi ajiyar shanu ya yi tafiya, da ya dawo ya tarar an yi miya da su, shi ya sa har gobe in suka haɗu sai an tayar da maganar. Kakar Anti ta sha gaya mata. Ita kuwa tsohuwar, da ƙuruciyarta danginsu sun sha gangarawa kudu da shanu cin rani, har ta iya Tibi kaɗan. Nan take suka kama hira, rabi Hausa rabi Tibi, sauran da hannu. Aka ajiye ni gefe kamar tsohon buhu. Na zauna ina kallon su ina mamaki, ni da nake taƙamar ba wasan da ban sani ba a ƙasar nan.

Da aka zo batun littafi, tsohuwa ta ce tunda ba saniya, fansarsa ita ce a gaya mata abin da ke ciki. Anti, cike da alfahari, ta zaɓi abin da ta fi so. Ta nuna ƙasa, ta zana rumbu da yatsa, ta yi masa saiwa, ta miƙe tsaye tana nuna yadda ya tsiro har sai da tsani biyu. Na yi ta ƙoƙarin in canza zance da batun man shanu, ba wanda ya kula ni.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Da farko ta ɗauka ramuwar wasa ce, har ta fara murmushi. Da ta ga fuskar Anti ba alamar wasa, sai murmushin ya ɗauke. Ta tambaye ta wa ya faɗa mata. Anti ta nuna ni.

Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro littafin, ta kakkaɓe shi, ta miƙa wa mai shi, sannan ta dube ni.

"Ɗiyata, ni na ce mata ɓarauniya a gaban mutane, ta yi dariya, don ta san wasa nike yi. Ke kuwa naki wasan ke kaɗai kinka san da shi. Ita aiki take yi."

Anti ba ta ji duka ba, amma ta ga fuskata. Ta ce in fassara. Wannan ita ce fassara ta farko da na yi mata ba ƙari ba ragi.

Da muka sauka a Gusau, a bakin tasha Anti ta buɗe littafin ta miƙo mini biro, ta ce in yi alama a duk inda na yi ƙari. Na yi ta yin alama har hannuna ya gaji. Shafi goma sha tara. Ta yage su ɗaya bayan ɗaya ta danƙa mini. Sannan ta faɗa mini dokar malam, wadda a nan na fara jin ta. Ta ce da ya koma Tsafe ya tambayi dattijon nan batun saiwa, sunanta ne zai tafi jami'arsu a takarda, ga shi saura wata huɗu ta gama. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Saura kwana biyu. Da sassafe muka koma Tsafe. Na durƙusa na faɗa wa dattijon abin da na yi, ya yi dariya har da tari, ya ce da rumbunsa na tsirowa da bai sha wahalar yaɓe ba. Daga nan ya zaunar da mu. Wannan karon da ya ce gara, ban tsaya nan ba, na tambaye shi ta yaya. Ya nuna mana inda ake barbaɗa toka, da yadda iska ke ratsa ƙarƙashi ta hana gero yin fumfuna, da yadda kaji ke kwana a wurin suna tsince ƙwari, da yadda yake gane geron bara daga ƙamshinsa tun kafin ya leƙa. Muka yi awa uku ban ji ƙishirwa ba. Washegari mai awon kasuwa shi ma ya ce babansa ya gaya masa cewa tsinin nan kariya ce, don kada a tauye mai saye ko da ƙwaya ɗaya a je a amsa tambaya a lahira. Na tsaya ina kallon mudun kamar yau na fara ganin sa. Ashe amsoshin suna nan tun farko, ni ce ban taɓa yin tambaya ta biyu ba.

Kafin a karɓi rahoto na je na sami malam na faɗa masa komai, don kada wani abu da na manta yi wa alama ya faɗa kan Anti. Ya gyara hularsa, wannan karon ban ga abin dariya ba. Ya duba abu bakwai a rahotonmu maimakon uku. Duk suka tsaya da ƙafafunsu. Anti ta tafi Abuja ta yi magana kan wasan Fulani da Tibi. Ni aka ce in zauna gida in ƙara girma, kuma ban yi gardama ba.

A tashar mota, da Anti za ta tafi, ta leƙo ta taga ta ce in kula mata da rumbun, kada ya wuce tsani uku kafin ta dawo. Sai a lokacin na san ta yafe mini.

Shafuka goma sha taran nan suna cikin akwatina har yau. Ban daina ƙara wa zance gishiri ba, yarana shaida ne, kuma ina jin da shi za a binne ni. Sai dai tun daga ranar Bungudu, kafin in fara nakan dubi fuskar mai saurarena in tabbata mu biyu muke cikin wasan. In na ga ya ɗora biro a kan takarda, to ko kalma uku aka faɗa, uku nake miƙa masa.